Akwatin Da Goggo Ba Ta Shiga Ba

Ɗan Goggo ya sace min gawar Goggo. Haka zan faɗe shi, ba zan shafa masa mai ba. Na san uwarsa ce, ni kuwa ɗan ƙanenta ne kawai. Amma a gidana ta tsufa, a nan Mayo, a gefen birnin Khartoum, a hannuna ta cika. Na tafi Bahri ɗauko akwati, shi kuma ya zo da mota da mutane cikin fararen jallabiyoyi, ya ɗauke ta ya kai Omdurman, can hayin kogi, aka yi mata sallah aka rufe ta kafin in dawo. Bai tsaya nan ba. Ya gaya wa jama'a wai ta yi kalmar shahada kafin ranta ya fita. Matar da tun tana goye ake kai ta majami'a, har haƙoranta suka zube tana kiran Yesu. Wannan ƙaryar ce ta sa na ɗauki alƙalami, ni mai facin taya da bai yi nisa a makaranta ba. Idan rubutun ya karkace, haka mai shi yake.

Makoki biyu aka yi wa mutum ɗaya.

A Omdurman an kafa babbar rumfa har ta toshe layi, ga kujeru, ga shayi yana zagayawa. 'Yan kasuwar Suk al-Arabi suna zuwa suna ɗaga hannu suna fatiha. Ban je da fari ba. Maƙwabcinmu mai agashe, wato tsiren nan namu, shi ya je ya dawo min da labari. Ya ce wasu na cewa, "Kai, tsohuwa ta yi sa'a, ta tsallake a ƙurarren lokaci." Wani kuma ya raɗa wa na kusa da shi, "Ashe Alhaji yana da uwa a raye duk shekarun nan?"

A Mayo kuwa, matan majami'armu ne zaune a ƙasa, 'yan Dutsen Nuba da 'yan Kudu, sun kewaye akwatin da babu kowa ciki. Wata tsohuwa Badinka, wadda suka yi shekaru suna zama gefe da gefe da Goggo a bakin tasha, ita tana sayar da shayi, Goggo kuma godogodo, damun geron nan, ta riƙa dukan murfin akwatin da tafin hannu tana tambayarsa da Larabcinta na Kudu ina aka kai ƙawarta. Fastonmu ya buɗe baki zai yi addu'ar binnewa, ya dubi akwatin, ya rufe bakin. Ba a koya masa addu'ar binne iska ba.

Mai agashe mutum ne da ba ya wasa da sallah. Ya cire takalmi ya zauna kusa da ni ya ce, "Maƙwabci, ba a kyauta ba. Ko a addininmu ba a ɗora wa mamaci maganar da bai faɗa ba." Sannan ya ce, "Sai haƙuri."

Na ce, "Haƙuri kam tun ina rarrafe ake ɗura min shi. Cikina ya cika."

Wanda bai san mu ba zai yi mamakin Bahaushe Kirista a Khartoum. Mu ma wani lokaci mamakin kanmu muke yi. Kakanmu daga ƙasar Zazzau ya zo, yana yi wa Turawan mishan girki, suka taho da shi har Omdurman. Turawa suka koma ƙasarsu, shi ya rasa abin komawa tasa, ya mutu ya bar 'ya'ya biyu, Goggo da mahaifina. Hausawan da ke nan duk Musulmi ne, jikokin masu tafiya Makka da ƙafa da suka tsaya noman auduga. Harshe ɗaya muke da su, alƙibla daban. 'Yan majami'a kuwa addini ɗaya, harshe daban. Goggo takan ce mu kamar jemage muke, tsuntsaye ba su karɓe mu ba, ɓeraye ma suna kallonmu da gefen ido. Ta auri wani direba Bahaushe daga Jazira, auren bai yi ƙarko ba. Da suka rabu alƙali ya ba uba ɗan, don kada ya tashi a hannun Kirista. Yaron yana kuka yana riƙe da bakin zanenta aka ɓanɓare shi. Shi ne Alhajin nan na Omdurman mai shagon sukari.

Ita ta koya min boko, da tsohon littafin ibada na Hausa da kakanmu ya zo da shi, wanda gara ta ci gefensa. Idan na yi kuskure takan ja min kunne ta ce, "Kai, ko akuya aka zaunar haka da ta iya baƙi." Ba mace ce mai sanyin baki ba, kada wani ya zaci waliyya nake zanawa. Ta iya zagi da harshe uku. Tana da son jin labarin gidan kowa. Idan ka ba ta sirri da safe, kafin azahar ta kai wa Allah, kuma da ƙarfi take kai masa, duk layi na ji.

Addu'arta kamar ciniki take. Ba ta rufe ido. Takan zauna a kan angarib, gadon igiyar nan, ta miƙe ƙafa, ta ce, "To, Ubangiji, ka dai ga yadda aka wayi gari. Gawayi ya ƙare, yarinya ba lafiya, maigidan kuma ya tashi da baƙar zuciya. Ba sai na yi maka dogon bayani ba. Ka san aikinka." Ranar da sojoji suka karɓi mulki, rediyo na ta kaɗa badujala, mutane sun yi tsuru-tsuru, ita tana dama gero. Ta ce, "Su hau. Na ga masu hula, na ga masu rawani. Mai sama bai taɓa buƙatar tanka ba."

Sai aka shiga kasha, kamen masu talla. Motar 'yan sanda takan faɗo tasha, mata su watse, a kwashe tukwane da kujeru. Ranar da aka kwashe nata, ba ta gudu ba, ƙafar ma ba ta gudu. Ta bi su har ofis a ƙafa. Ta ce wa na bakin ƙofa, "Ya waladi, ɗana, ku riƙe tukunyar, ku sha abin da ke ciki, lafiyayye ne. Ludayina kawai nake so, na uwata ne." Yaron ya daka mata tsawa. Ta nemi inuwa ta zauna. Da rana ta yi tsaka ta tambaye shi ko uwarsa tana raye, a wane gari take, wa ke ɗebo mata ruwa. Kafin la'asar ta dawo gida da ludayi, da tukunya, da labarin gidan ɗan sandan kaf, wanda ta kai wa Allah a gabanmu.

Abin da ya sa nake bin ta da kuka ba wannan ba ne. Uwar 'ya'yana ce.

Matata 'yar Dutsen Nuba ce, a majami'a muka haɗu. Bayan haihuwar autarmu, wata safiya tana shanya, ta faɗi. Ɓarin jikinta na dama ya mutu, baki ya karkace, magana ta tafi sai kalma ɗaya ɗaya. A asibiti suka ce mu kawo mai jinya, mu kawo abinci, mu kawo magani, mu kawo har auduga. Ban san abin da su suke kawowa ba. Ni ina faci a gefen tasha, in ban fita ba babu tuwo. Dangin matata yaƙi ya tsare su a can duwatsu, ba wanda ya san mai rai da matacce.

Goggo ta naɗe tabarmarta ta dawo gidana, ba ta tambaye ni ba. Ranar Lahadi ta miƙe a tsakiyar sujada, fasto bai gama magana ba, ta ce, "Gafara dai, malam, wa'azinka ya yi kyau, amma akwai mace kwance." Ta raba wa matan kwanaki kamar masu adashe. Wannan ta zo Litinin ta yi wanka, waccan Talata ta kawo kisra da miya, wata ta ɗauki jaririya ta shayar da ita tare da nata ɗan. Autarmu nonon mata uku ta sha, ƙabila uku. Matan nan ba masu hali ba ne. Wankau suke a gidajen Larabawa, wasu an rushe musu ɗaki sau biyu. Amma ba ranar da matata ta kwana cikin ƙazanta. Likita ya ce bai ga mai irin ciwonta da ta daɗe kwance haka ba gyambo a baya ba. Goggo ce ke juya ta, tana mita, tana cewa, "Ke kam kin fi buhun dawa nauyi, wai kuma a ce ba kya ci." Matata takan yi dariya da rabin baki. Ita kaɗai ke iya sa ta dariya.

Da hukuma ta turo katafila ta ture rumfar da muke sujada, wai ba ta cikin tsarin gari, fasto ya tsaya yana tsince katakon benci. Goggo ta ce masa, "Bar kukan zana da kara. Ku taho tsakar gidan ɗana. Dama mara lafiya ta yi kewar waƙa." Haka gidana ya zama majami'a, ni mai gida a bakin mutane na ji.

A nan muka yi faɗa. Na dawo wata Lahadi da rana, na zaga kantunan magani har ƙafata ta yi bororo, babu maganin hawan jinin. Na shigo na tarar ana tafi ana kaɗa gora. Raina ya tashi. Na ce, "Ku tashi ku bar min gida. Shekara nawa kuna waƙa? Ta miƙe? Allahn nan naku bai san hanyar Mayo ba."

Goggo ta shiga ɗaki ta fito da soso da kwano ta ajiye a gabana.

Na ce, "Na mene ne?"

Ta ce, "Ka kore su. To, bismilla. Yi mata wanka, juya ta, kwashe abin da ta yi, ka shayar da 'yarka. Kai kana jira ya sauko maka a jirgi. Ga shi ya zo da ƙafa, da faso, yana warin sabulun wankau, ka ce bai san hanya ba."

Na ce, "Amma ba ta warke ba."

Ta ce, "Ba ta warke ba." Ban taɓa jin ta rasa ta cewa ba sai ranar.

Ba ta yi min magana ba har aka kwana biyu, amma kullum akushina na rufe a inda na saba samu. Har yau ban ce na yi kuskure ba, don matata na nan kwance. Sai dai ban ƙara korar kowa ba.

Ɗanta kuwa yakan zo da Babbar Sallah, da cinyar rago a leda. Ba ya shiga ciki, a bakin ƙofa yake zama kamar mai jiran mota. Ni da shi taubasai ne, ɗan mace da ɗan namiji, tun muna yara muke tsokanar juna. Yakan ce, "Ya zol, mutumina, har yanzu kana hura wa tayoyin mutane iska, naka cikin ba komai?" In ce, "Alhajin sukari, a rage algus, akwai hisabi." Mu yi dariya. Sau ɗaya ya ce mata ta koma gidansa, akwai ɗaki da fanka da famfo, amma ta bar gicciyen wuyanta a Mayo, kuma ba zuwa majami'a, saboda surukai da maƙwabta. Ta ce, "Na gode. Fanka ta yi wa masu jin zafi." Da ya tafi na fara zaginsa, ta ce, "Rufe min baki. Ba kai aka ɓanɓare daga zani ba."

Ciwon ajalinta a ƙirji ya kama ta. Ta san tafiya ce. Ta gaya min a gaban fasto cewa a sa ta a akwati, a kai ta inda mahaifinta da ƙanenta suke, a yi mata waƙa ko ɗaya ce da Hausa, ko da ni kaɗai zan yi da muryata ta jaki. Ta cika da safe, rana ta ɗan ɗaga, kanta a kan cinyata.

Abu na fari da na yi shi ne aika wa ɗanta. Zumunci ya ce haka, ba a ɓoye wa ɗa mutuwar uwa. Na je shagon da ke da waya na sa aka kira shi. Mu a wajenmu ba a gaggawa da gawa, sai an sami akwati, an tara jama'a, an nemi takardar maƙabarta. Na manta cewa su a wajensu gawa ba ta jiran kowa. Na bar ta a rufe da mayafi, da tsofaffin mata biyu, da matata a gadon da ke gefe, na tafi Bahri wajen wani kafinta ɗan majami'a.

Ya buga akwatin a gabana da katakon da ya samu. Muka ɗora a bayan wata akori-kura. A kan gada sojoji sun tare hanya suna sauke samari daga motoci don kai su bautar soja. Layi har inda ido ya ƙare. Da aka zo kanmu wani ya ce in buɗe, ko na ɓoye yaro a ciki. Na buɗe. Ya leƙa ya yi dariya ya ce, "Mai shi ya gudu?"

Na iso Mayo rana ta karkata. Angarib ɗin ma babu, da shi suka ɗauke ta. Tsofaffin nan biyu suna rakuɓe a jikin bango. Suka ce ya shigo ya ce, "Ni ne ɗanta, akwai mai magana?" Wa zai yi magana? Mata 'yan gudun hijira, ba takarda, a gaban mai jallabiya da mota. Matata ce kaɗai ta yi yunƙuri, ta mirgino daga gado ta faɗo ƙasa. A ƙasa na same ta, hannunta mai rai na nuna ƙofa, tana ta cewa, "Sun... sun... sun..."

Na ce wa fasto mu kai ƙara. Ya ce, "Wajen wa? Alƙalin da ya ba uba ɗa, shi zai ba ɗa uwa." Akwatin ya zauna a tsakar gidana kaji na hawa, har wani dattijo ɗan Kudu ya rasu a layinmu, iyalinsa ba su da na katako, muka ba su. Da Goggo tana nan da ta ce dama ai ba a yi shi don ado ba. Waƙar Hausar kuwa na yi ta, ni kaɗai, a bakin gadon matata. Ban kai ƙarshe ba.

Ranar da za a naɗe tabarmar makoki na tsallaka Omdurman. Ban canza riga ba, da baƙin taya a hannuna na je. Ana kwance rumfa, ana loda kujeru. Yana tsaye da wasu manyan mutane. Da ya hango ni fuskarsa ta sauya, ya jawo hannuna zuwa gefen gida inda ba kowa.

Ya ce, "Taubashi, ka zo? Ka ci abinci?"

Na ce, "Ban zo wasa ba."

Ya ce, "Kalas, ya zol, an gama. Ƙasa ta rufe. Me kake so, in tono ta?"

Na ce, "Me ya sa?"

Ya dubi ƙasa, ya dube ni. Idonsa ja, kamar wanda bai yi barci ba. Ya ce, "Kai ka same ta shekara da shekaru. Ta yi maka tuwo, ta yi wa matarka wanka, ta goyi 'ya'yanka. Ni me na samu? Matar uba na samu. Ina yaro ana ce min ɗan kafira a makarantar allo. Abu ɗaya na roƙi Allah, in tsaya a sahu in yi wa uwata sallah. Ko ta amfane ta ko ba ta amfane ta ba, na yi. Kana so in zuba ido a kai ta wuta da kiɗan gora?"

Na ce, "Shahadar fa? Kana wurin?"

Ya ce, "Liman ba zai sallace ta ba in ban faɗi haka ba." Ya ƙara da cewa, "Kuma me ta damu da ni? Matar da ko sunana ban taɓa ji a bakinta ba. Sai yaron nan, sai wancan, sai mai sukari."

Ɗan fari ne shi. Ya tashi cikin Larabawa har ya manta cewa Bahaushiya ba ta kiran sunan ɗan fari, ko kunyar za ta kashe ta.

Na yi niyyar in tafi da abin da na sani in mutu da shi, don bai cancanta ba. Amma ba nawa ba ne. Na matso har ina jin ƙamshin turarensa, na ce:

"Gawa taka ce, ka ɗauka, ka ci riba. Amma bakinta ba naka ba ne. Kanta na kan cinyata, ni na ji abin da ta faɗa, kuma ba abin da ka gaya wa liman ba ne. Sunanka ta kira. Sunan yanka, ɓaro-ɓaro, wanda ban taɓa ji a bakinta ba sai ranar. Ta ce, Yesu, ka riƙe min shi, tun yana ƙarami matsoraci ne, kuma ba laifinsa ba ne. Daga nan ba ta ƙara cewa komai ba. Ni da na yi jinyarta ko kallo ban samu ba. To, ga shi na kawo maka. In kana da zuciya, koma cikin rumfa ka faɗa musu wannan."